Ciwon Kwamfiresar Sanyin Mota: Alamominsa da Hanyoyin Gano Shi



Gabatarwa

Na san akwai waɗanda za su yi mamakin ganin malamin Hausa ya miƙe gaban jama'a zai yi magana a kan wani ƙarfe da ke ƙarƙashin murfin injin mota, alhali ga masana aikin injiniya nan zaune. To, asara ce ta kawo ni nan, ita kuwa asara malama ce mai tsadar kuɗin makaranta, wanda ya yi karatu a gabanta bai kamata ya ɓoye abin da ya koyo ba.

Wata bazara, cikin watan Afrilu, na taso daga Zariya za ni ɗaurin aure Ikara. Na saki babban titin Kano a Tashar Yari, mota na ba da sanyi yadda ake so. Da na shiga Makarfi na tarad da cunkoso, muka dinga jan jiki a bayan wata babbar mota, sai iskar da ke fitowa ta fara ɗumi, can sai ta koma kamar hucin makera. Da na fita gari na taka mota, sanyi ya ɗan dawo. Bayan na komo gida na kai ta wani gareji. Mai garejin ya ɗaga murfin inji, ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce, "Malam, ai kwamfiresa ta tafi." Na biya kuɗin da ya girgiza albashina na wannan wata, aka ɗaura mini wata ta hannu, irin wadda ake kira Baljiyam. Mako uku ta yi ta mutu murus. Sai a hannun wani dattijon bakanike na gane cewa tun farko fankar gaban mota ce ta ƙone, an bar jaki an yi ta dukan taiki.

Abin da nake son in tabbatar a wannan lacca abu ɗaya ne. Kwamfiresa ba ta cika mutuwa haka kawai ba, wani abu ne ke kashe ta, kuma kafin ta mutu takan yi ta ba da alama. Wanda ya san alamomin, ya kuma san jerin da ake bi wajen bincike, daga abu mai araha zuwa mai tsada, ba za a sayar masa da abin da ba ya bukata ba, ba zai kuma sayi sabuwa ya miƙa ta ga abin da ya kashe tsohuwa ba.

Maganar ta shafi jama'a da yawa a yau. Kamfanin Packard na Amurka ne ya fara sayar da mota mai na'urar sanyi a 1939. A nan ƙasar, lokacin da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, sanyin mota abin manyan ma'aikata da attajirai ne. Yanzu kuwa kusan duk motar hannu da aka shigo da ita daga waje tana ɗauke da shi. Malamin makaranta a Paki, da ma'aikacin lafiya a Makarfi, da akawun da ke tasowa daga Zariya kullum zuwa Hunkuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan, kowa na iya samun kansa da irin wannan na'ura, mai shekaru goma ko fiye a kanta. In kuma ta lalace, galibi sai an dangana da Zariya ko Kano ko Kaduna kafin a sami mai cikakkun kayan awo, a hanya kuwa ba a rasa mai cewa ya iya.

Yadda Na'urar Ke Aiki

Ba a gane ciwo sai an san lafiya. Kowa a nan ya san dalilin da ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Ruwa na tsattsafowa ta jikin randa, iska ta busar da shi, in zai tashi sai ya tafi da zafin da ke cikin randar. Haka zufa ke yi wa jikin mutum. Watau duk abu mai ruwa-ruwa, in zai koma tururi, sai ya kwashi zafi daga abin da ke kusa da shi. A kan wannan ka'ida aka gina na'urar sanyin mota. Aikinta shi ne jidar zafi daga cikin mota tana zubarwa waje.

Abin da ke jidar zafin shi ne gas ɗin da ake ɗura mata. Irin wanda ke cikin yawancin motocinmu, mai suna R134a, in an sake shi a sarari yana tafasa ne a digiri 26 ƙasa da sifiri. Yana zagaya ne cikin rufaffen bututu, yana ratsa tashoshi huɗu. Ta farko ita ce kwamfiresa, wadda bel ɗin inji ke juyawa. Ita ke zuƙo gas yana tururi, ta matse shi matsa mai tsanani har ya yi zafi ƙwarai, kamar dai yadda gindin famfon keke ke ɗaukar zafi in ana ba taya iska. Daga nan sai ya shiga kwandensa, watau saƙar bututun nan da ke gaban lagireto, inda iskar hanya da fanka ke fifita shi har ya huce ya zama ruwa. Sai ya bi ta wani ɗan gwangwani mai tace datti da tsotse laima, wanda makanikai ke kira diraya, ya isa tasha ta uku, wani bawul mai 'yar mitsitsiyar kafa. Da ya kuɓuce ta wannan kafa sai matsin ya sake shi, ya faɗa tasha ta huɗu, ibaforeta, wadda ke ɓoye a bayan dashbod. A nan yake tafasa, ya kwashe zafin iskar da fankar ciki ke hurowa ta jikinsa. Sa'an nan ya koma wa kwamfiresa, a sake sabon zagaye.

Abubuwa biyu nake roƙon a riƙe. Na farko, kwamfiresa ita ce ta raba na'urar gida biyu. Bututun da ke shiga cikinta mai kauri ne, matsinsa kaɗan, in ana aiki sanyi gare shi har yana raɓa. Wanda ke fita siriri ne, matsinsa mai yawa, zafi gare shi. Lafiyayyar kwamfiresa ita ce mai iya riƙe wannan bambanci. Na biyu, kwamfiresa tana da man da ke hana ƙarafan cikinta cin juna, kuma wannan mai yana zagayawa ne tare da gas. In gas ya ragu, man ba ya komo mata yadda ya kamata. Manoman rani na fadamun Kudan da Makarfi sun san abin da ke faruwa ga injin ban-ruwa in aka bar shi yana juyi ba ruwa. To, kwamfiresar da ke juyi ba isasshen gas haka take cin kanta.

A gaban kwamfiresa akwai gargaren da bel ke bi ta kansa, shi kullum yana juyawa muddin inji na aiki. A fuskarsa akwai wani faifan ƙarfe. In direba ya kunna sanyi, wuta ta shiga wani naɗin waya, ya zama maganaɗisu, ya fizgo faifan ya manne da gargaren, sai a ji ƙas, cikin kwamfiresa ya kama juyi. Wannan shi ne kuloci. Akwai kuma wani makunni da ke lura da matsin gas, in ya yi ƙasa ƙwarai ko ya yi sama ƙwarai sai ya yanke wa kuloci wuta domin ya ceci kwamfiresa. Saboda haka, ƙin kamawar kuloci sau da yawa alama ce ta cewa mai gadi yana kan aikinsa.

Alamomin da Mai Mota Zai Lura da Su

Mai mota ba ya bukatar sifana kafin ya fara bincike. Kunne da ido da hanci da tafin hannu sun ishe shi matakin farko.

Mu fara da kunne, domin shi ya fi saurin kawo labari. A tsai da mota wuri mai shiru, a bar inji na aiki, a ɗaga murfi, a sa wani ya riƙa kunna sanyi yana kashewa. Tambayar da za a yi wa kowace ƙara ita ce, yaushe take zuwa, yaushe take tafiya? In ana jin gurnani ko kukan ƙarfe tun sanyi na kashe, ya kuwa sauya ko ya ragu da an kunna, to boris ɗin gargare ne ya cinye, ana iya sauya shi ba tare da an taɓa cikin kwamfiresa ba. In kuwa shiru ake ji sai an kunna sanyi sa'an nan a ji ƙwaram-ƙwaram, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, wannan daga ciki ne, kuma ita ce ƙarar da ta fi kowace muni, domin tana nufin ƙarfe na gugar ƙarfe. In aka ji ƙiii mai tsawo da an kunna, bel ne ke zamewa, ko dai ya saki, ko kuwa kwamfiresa ta fara cijewa har bel ya kasa juya ta. In ana jin ƙas, ƙas, ƙas a kai a kai, kuloci na kamawa yana saki duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, mafi yawa gas ne ya yi kaɗan. In ba a ji ƙas ɗin ba sam, to a fara zargin wuta ko rashin gas tukuna. Shi kuwa ɗan huci da akan ji a bayan dashbod jim kaɗan da kashe inji, ba ciwo ba ne, matsin gidajen nan biyu ne ke daidaita.

Sai ido. A duba faifan kuloci, ya tsaya cik ne ko yana juyawa tare da gargare? A duba ko akwai baƙin gari ko jan ƙura irin ta tsatsa kewaye da shi, ko fenti ya ƙone, alamar yana zamewa ke nan. A bi bututu da tiyo da ido, duk inda aka ga danshin mai ya kama ƙura ya yi baƙi, musamman a mahaɗa ko a bayan gargare, nan gas ke tsiyaya, domin inda mai ya fita gas ya riga shi. Ƙurarmu a nan ta yi mana rana, ita ke tona asirin yoyo. A kuma duba fankar gaba, da an kunna sanyi ya kamata ta tashi. Da na san wannan kaɗai a waccan bazara, da ban yi asara ba.

Sai hannu. Bayan sanyi ya yi minti biyar yana aiki, a taɓa bututu mai kauri, ya kamata a ji shi da sanyi. Siririn da ke fita daga kwamfiresa kuwa kusantar da hannu kawai za a yi, don yana iya ƙona fata. In kuloci ya kama, faifai na juyawa, amma bututun nan biyu ɗuminsu ɗaya, to ba a matsa komai, ko dai gas ya ƙare ko kwamfiresa ta gaji. Sa'an nan a kashe inji, a zare makulli a sa aljihu, a jira ƙarfe ya huce, a juya faifan da hannu. Mai lafiya takan juya sumul da ɗan nauyi. In ta ƙi motsi ta cije, in tana juyawa da gargada ko tana tsayawa wuri-wuri, ciki ya lalace.

Hanci kuma, in ya ji ƙaurin roba bayan an kunna sanyi, a kashe nan take. A motoci da yawa bel ɗaya ne ke juya kwamfiresa da abin cajin batir, wani lokaci har da famfon ruwan inji. In kwamfiresa ta cije ta tsinke shi, caji zai tsaya, inji ya ɗau zafi, mutum ya kwana a daji tsakanin Makarfi da Ikara saboda sanyin da zai iya haƙura da shi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Akwai kuma alamomin da sai a tafe ake gane su. Sanyi a kan titi, ɗumi a cunkoso, wannan ya fi nuna fanka ko toshewar kwandensa, ko da yake gajiyayyar kwamfiresa ma takan yi haka. Sanyi da safe, ya ɗauke bayan kamar minti 20, ya dawo in mota ta huce, wannan sau da yawa kuloci ne, tazarar da ke tsakanin faifai da gargare ta buɗe saboda cinyewa, maganaɗisu in ya yi zafi ba ya iya fizgo shi. Tazarar a yawancin motoci ba ta kai milimita 1 ba, gyaranta kuwa cire ɗan siririn zobe ne. Sanyin da ke raguwa sannu a hankali cikin makonni yoyo ne. Iska mai sanyi amma maras ƙarfi kuwa, matatar iskar ciki ce ta cika da ƙura, ba ruwan kwamfiresa.

Aikin Bakanike

Daga nan sai a je gareji, amma a je da ido buɗe. Bakaniken kirki yakan bi jeri. Zai fara da fis da rile da wayoyi, ya auna ko wuta na isa ga kuloci. In wuta na zuwa bai kama ba, laifin kuloci ne. In ba ta zuwa, sai a nemi abin da ya tare ta. Bayan haka sai ya ɗaura geji, watau agogon awo guda biyu, shuɗi na gidan ƙaramin matsi, ja na gidan babban matsi. Duk wanda ya yanke wa kwamfiresa hukunci bai ɗaura geji ba, duba ya yi, ba bincike ba.

Inji na kashe, allurai biyun za su tsaya wuri guda. In zafin gari digiri 30 ne, za su nuna kusan 97 a layin da aka rubuta psi. Amma a lura, wannan na nuna akwai gas ne kawai, ba ya faɗin yawansa, domin rabin cika da cikakke duk abu guda za su nuna. Sai an ta da inji an kunna sanyi ake jin gaskiya. A lafiyayyar na'ura shuɗi yakan sauka tsakanin 25 da 45, ja ya hau tsakanin 150 da 250, ya ɗan zarce haka in rana ta take irin ta Afrilu.

Ga yadda ake fassara abin da ya saɓa wa haka. In duka biyu sun yi ƙasa, gas ya yi kaɗan, a nemi yoyo. In duka biyu sun yi sama, zafi ne ba ya fita, ko fanka ta mutu, ko kwandensa ta toshe, ko an cika gas ya wuce kima, ko iska ta shiga bututu. In shuɗi ya faɗi har ƙasa da sifiri, hanya ce ta toshe a bawul ko a diraya, in kuwa toshewar na zuwa tana tafiya, laima ce ke daskarewa a bakin kafar. Sai in shuɗi ya ƙi sauka, ja ya ƙi hawa, suka matso kusa da juna alhali akwai gas kuma kuloci na kame, to a nan ne geji ya nuna kwamfiresa da yatsa. Haka kuma in allura na karkarwa da sauri, alamar ɗaya daga 'yan bawulolin cikinta ya karye.

Ko a nan ma akwai togaciya. Motocin baya-bayan nan da yawa suna da kwamfiresa marar kuloci, wadda cikinta ke juyawa kullum, wani bawul mai aiki da wuta ne ke ƙara mata ƙarfin matsa ko ya rage. A irin wannan ba a jin ƙas, kuma juyawar faifai ba shaida ba ce. In bawul ɗin ya maƙale, geji zai nuna kamar ta mutu, alhali shi kaɗai za a sauya. Motoci masu haɗa fetur da lantarki kuma, da yawansu kwamfiresarsu da wuta mai ƙarfi take aiki, wadda ke iya kisa, manta ma daban ne, kada a bari wanda bai san su ba ya taɓa.

Shaida ta ƙarshe ita ce man cikinta. In an kwance ta, a tsiyaye man a farin kwano. Mai tsabta garai-garai yake. In ya yi baƙi, ko ana ganin ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki, magana ta ƙare, gani ya kori ji.

Abin da Ke Kashe Ta a Ƙasarmu

Ruwa ba ya tsami banza. Abu na farko shi ne zafi da ƙura. A watannin Maris da Afrilu zafi a wannan yanki yakan kusanci digiri 40, lokacin da na'urar ta fi wahala ke nan. Kafin nan kuma hunturu ya riga ya cusa wa kwandensa ƙura. Wanda ke bin hanyoyin karkara na Likoro ko Gubuchi ko Kurmin Kogi lokacin kaka da saran rake, ya leƙa gaban lagiretonsa ya ga ƙaiƙayi da ganye da ƙwarin da suka maƙale. Kwandensar da ba ta shan iska tana sa matsi ya hau, kwamfiresa ta yi ta aiki kamar jakin da aka yi wa lodi biyu.

Na biyu shi ne zaman banza. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba mai kunna sanyi. Robar da ke toshe bakin sandar kwamfiresa da mai take rayuwa, in ta yi watanni ba juyi sai ta bushe, gas ya riƙa sulalewa. Da bazara ta kama a kunna, ta tashi da ƙarancin gas da ƙarancin mai.

Na uku, wanda ya fi sauran ɓarna, shi ne hannun mutane. Akwai al'adar ƙarin gas duk shekara, kamar dai fetur ne da ke ƙonewa. Gas ba ya ƙonewa, in ya ragu fita ya yi, kuma ya tafi da mai. Akwai ɗuri da ka, ba sikeli, alhali kowace mota akwai takarda manne ƙarƙashin murfin inji mai faɗin irin gas da nauyinsa, a ƙananan motoci galibi tsakanin giram 400 da 700. In ya wuce kima, ruwansa na iya komawa cikin kwamfiresa, ita kuwa tururi take iya matsawa, ruwa karya ta yake yi. Akwai kuma gauraya. Tsofaffin motoci R12 suka yi amfani da shi, aka daina shi bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda yana lalata rufin sararin sama da ke tare mugun hasken rana. R134a ya gaje shi a farkon shekarun 1990, sababbin motoci da yawa kuma yanzu R1234yf suke sha. Kowanne da irin mansa. Wanda ya ɗura wa mota R22 na sanyin ɗaki ya ɗora mata matsin da ba a gina ta dominsa ba. Wanda ya ɗura R600a na firji ya sa abu mai kama wuta a bututun da ke ratsa gaban fasinja.

Mafi muni shi ne haɗin kai-tsaye. Kuloci ya ƙi kamawa, sai a jawo waya daga batir a tsallake makunnin nan mai gadi. Sanyi ya zo, mai mota ya yi murna ya biya. Abin da aka yi mini ke nan, fanka a mace, mai gadi a ɗaure, kwamfiresa ta yi ta dahuwa har ta cije.

In Ta Tabbata Ta Mutu

In bincike ya tabbatar da mutuwarta, kada a yi gaggawar ɗaura wata. Tambayar farko ita ce, me ya kashe ta? Sa'an nan, in ta zubar da garin ƙarfe, ya riga ya bazu cikin bututu. Lalle a wanke bututun, a sauya diraya, a duba bawul, ita kuma kwandensa irin ta zamani kafofinta sun yi ƙanƙanta ƙwarai, ba ta wankuwa sosai, sauya ta ya fi. A sa sababbin zobban roba, a zuba irin man da ya dace gwargwadon da aka ƙayyade. A ɗaura injin zuƙe iska na aƙalla minti 30 don ya fid da iska da laima, a rufe a jira a ga ko allura za ta motsa. Sa'an nan a ɗura gas da sikeli.

Wanda zai sayi ta hannu a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano ko Sabon Garin Zariya, ya duba lambarta ta dace da motarsa, ya ga bakunanta a toshe suke, ya juya ta da hannu, ya tsiyayo manta ya gani, ya kuma yi sharaɗin mayarwa tun kafin ya biya. Araha ba ta ado. Kada kuma kowa ya kwance bututu da kansa, domin gas in ya fesa wa fata yana ƙona ta da sanyi, a ido kuwa yana iya makantarwa.

Kammalawa

Jama'a, rigakafin duk wannan ba shi da tsada. A riƙa kunna sanyi minti goma kowane mako, ko da tsakiyar hunturu ne. A wanke kwandensa da ruwa marar ƙarfi kafin bazara. In mota ta sha rana a buɗe tagogi zafi ya fita kafin a kunna. In an ji baƙuwar ƙara a kashe sanyi har a bincika. A gareji kuwa mai mota ya yi tambayoyi huɗu cikin ladabi. Wuta na zuwa? Fanka na tashi? Me geji ya nuna? In gas ya ragu, ta ina ya fita? Bakaniken da ya san aikinsa zai ji daɗin tambayoyin, ya amsa su yana nunawa. Wanda ya fusata kuwa ya riga ya ba da amsa.

Ita kwamfiresata ta farko, Allah ya sa ban bar ta a wancan gareji ba, na jefa ta but ta yi ta gangara mako uku. Dattijon nan ya ɗauko ta, ya juya faifanta, ya tsiyaye manta a kwano ya nuna mini, fes. Ya wanke bututu, ya sauya kwandensa da diraya da fanka, ya cire wayar da aka tsallaka, ya mai da ita mazauninta. Da ita na yi ta zuwa Ikara har na rabu da motar.

Shugaba, ranka ya daɗe, a nan zan dasa aya. Inda na yi kuskure, ga masana nan, ina roƙon su gyara mini.